Tsuntsu da Hayaƙin Kasko: Daga Ramin Kwal Zuwa Murhun Shuwak

Garin Shuwak yana gabashin ƙasar Sudan, cikin Jihar Gadarif, a bakin kogin Atbara, ba nisa da inda kogin Satit yake zubowa cikinsa. Babbar hanyar mota da ta tashi daga Gadarif zuwa Kasala ta bi ta nan. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai ba da dawa da riɗi, da damina kuwa takan riƙe ƙafar mutum da ta dabba. Hausawa da yawa suna zaune a wannan yanki. Kakannin waɗansu mahajjata ne da suka taka da ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama. Waɗansu kuwa ƙaura ce ta kawo su bayan yaƙin Burmi na shekara ta 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har suka kafa gari a bakin kogin Nilu. Daga baya zuriyarsu suka bazu a bakin kogunan gabas, suna noma, suna kamun kifi.

Sun zo da tuwonsu da wainarsu, da tsire wanda mutanen Sudan suke kira agashe. Sun kuma zo da al'adar kiwon tsuntsaye a tsakar gida. A gidan Bahaushe, ko a Shuwak ko a Zariya, da wuya a rasa kaza da 'yan tsakinta, ko tattabarai, ko zabi. Wani ma yakan rataye kejin kanari saboda daɗin kukansa. Sa'ad da sanyi ya sauko, ko ruwa ya tsuge, wurin kwanan 'yan tsaki shi ne ɗakin girki, kusa da murhu, gama nan ne ɗumi yake.

Wannan al'ada tana nan yadda take, amma kayan girki sun sāke. Da fari tukunyar yumɓu ce da kasko da tanda. Sa'an nan tukunyar ƙarfe da ta dalma suka shigo. Yanzu kuwa akwai baƙin kasko mai santsi, wanda abinci ba ya kama shi, ba ya yin ƙanzo, ba ya kuma shan mai da yawa. A kasuwannin Sudan ana ce da shi tifal, ko wane kamfani ne ya ƙera shi. Kasko ne mai amfani, amma yana da iyakar zafin da yake iya ɗauka. In ya wuce iyakar nan, yakan fid da hayaƙi wanda ya isa ya kashe tsuntsu cikin mintoci kaɗan, ya kuma kwantar da mutum da zazzaɓi. Tarihin yadda aka gane cewa tsuntsu yakan riga mutum jin muguwar iska ya soma tun kafin a ƙera kaskon nan, a can ƙarƙashin ƙasa, wurin masu haƙar kwal.

Kanari Cikin Ramin Kwal

Cikin watan Janairu na 1896 wuta ta fashe a ramin kwal na Tylorstown, a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, mutum 57 suka mutu. Kwal shi ne baƙin dutsen nan mai cin wuta, irin wanda daga baya aka haƙa a Inugu. Aka kira wani likita mai suna John Scott Haldane, mutumin Sukotlan, malami a Jami'ar Oksfod, domin ya bincika abin da ya kashe su. Da ya duba gawawwakin, sai ya tarar yawancinsu ba wuta ce ta cinye su ba, ba kuwa dutse ne ya danne su ba. Wata iska ce da ta cika ramin bayan fashewar ta gama da su.

Sunan iskar nan kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fito duk inda abu yake ci da wuta ba tare da isasshiyar iska ba, ko kwal ne, ko itace, ko gawayi. In ta shiga jini takan kama wurin iskar oksijin, wato iskar da jiki yake rayuwa da ita, kamunta kuwa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala, ƙafafunsa su mutu, barci ya ɗauke shi, bai san abin da yake faruwa ba.

Haldane mutum ne mai gwada abu a jikinsa. Ya shaƙi iskar nan da gangan, yana auna jininsa, ga kuma ɓera a gefensa. Ya ga ɓera yana faɗuwa tun da sauran lokaci mai yawa kafin mutum ya jigata. Saboda haka ya ba da shawara masu shiga rami su riƙa tafiya da ƙaramar dabba ko ƙaramin tsuntsu. Daga wajen 1911 kanari ya zama abokin tafiyar masu ceto a ramukan kwal na Birtaniya. Ya fi ɓera amfani, gama a kan sanda yake tsayawa. Da ya daina kuka, ya soma tangaɗi, ko ya faɗi ƙasan keji, kowa ya san lokacin fita ya yi. Har aka ƙera wani keji na gilashi mai ƙaramar tukunyar oksijin a kansa, domin in tsuntsun ya suma a rufe ƙofar a farfaɗo da shi. Aikin kanari bai ƙare a Birtaniya ba sai 1986, sa'ad da na'urorin lantarki suka maye gurbinsa.

Dalilin da Ya Sa Tsuntsu Yake Riga Faɗuwa

Ƙirjin tsuntsu dabam yake da na mutum. Huhun mutum kamar zugazugin maƙeri yake, iska ta shiga, ta koma ta hanyar da ta zo, kullum kuwa da sauran tsohuwar iska a ciki. Tsuntsu yana da jakunkunan iska a jikinsa, yawanci guda 9, su ne suke tura iska ta ratsa huhunsa ta hanya ɗaya. Ko yana shaƙa ko yana fitarwa, sabuwar iska ce take bi ta cikin huhun. Fatar da ta raba jininsa da iska kuma siririya ce ƙwarai. Wannan ne yake ba shi ƙarfin tashi sama ya daɗe bai gaji ba. Shi ne kuma yake sa dafin da ke cikin iska ya cika jininsa da sauri. Tun da jikinsa ƙarami ne, numfashinsa kuma da gaggawa yake, abin da mutum zai jure na sa'a guda yakan ka da kanari ko ɗan tsako nan da nan.

Farin Garin da Aka Samu Ba Nema

Ran 6 ga Afrilu 1938, wani saurayi masanin haɗa sinadarai, Roy Plunkett, yana aiki a ɗakin gwaji na kamfanin DuPont a Jihar New Jersey ta Amurka. Shekarunsa 27. Abin da yake nema shi ne sabuwar iskar sanyaya firji. Shi da mataimakinsa Jack Rebok suka buɗe bakin wata tukunyar gas, ba abin da ya fito, alhali nauyinta ya nuna tana cike. Suka yanka ta da zarto, sai ga wani farin gari mai santsi kamar kakin zuma ya lulluɓe cikinta. Gas ɗin ne ya daskare ya zama wani abu sabo. Ruwan batir ba ya cinsa, zafi ba ya narka shi da wuri, kusan ba abin da yake manne masa. A taƙaice ana kiransa PTFE, kamfanin kuwa ya raɗa masa suna Teflon.

Aikinsa na fari na yaƙi ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu haɗa bam na nukiliya a Amurka sun shafe bututu da marufai da shi, domin sinadaran da suke aiki da su suna cin ƙarfe. Shigarsa ɗakin girki kuwa ta hannun mace ce. A ƙasar Faransa wani injiniya, Marc Grégoire, yana shafa shi a kayan kamun kifinsa. Matarsa Colette ta ce ya gwada shi a kaskonta. Cikin 1954 ya sami dabarar manna shi a jikin alminiyon, cikin 1956 kuma suka kafa kamfanin Tefal. Daga sunan nan ne kalmar tifal ta kasuwannin Sudan ta fito. Cikin 1961 aka soma ƙera irin kaskon nan a Amurka, daga nan ya game duniya.

Mai karatu zai lura da wurin da aka haifi kaskon nan. Ɗakunan girkin Faransa da Amurka na gas ne da lantarki, inda akwai abin murɗawa a rage wuta ko a kashe ta. Domin irin murhun nan aka yi shi.

Zazzaɓin Ma'aikata da Mutuwar Tsuntsaye

Tun kafin kasko ya fito, likitoci sun ga alama. Cikin 1951 wani likita a Ingila, D. K. Harris, ya rubuta a mujallar likitoci ta Lancet game da ma'aikatan da suka shaƙi hayaƙin PTFE mai zafi, suka kamu da wani irin zazzaɓi. Yakan zo bayan sa'o'i kaɗan, da rawar ɗari, da ciwon kai, da tari, da nauyin ƙirji, ya kuwa tafi bayan kwana ɗaya ko biyu. An kuma gane cewa ma'aikacin da ya taɓa garin PTFE, sa'an nan ya riƙe taba da hannun nan ya sha, yakan kamu, gama wutar bakin taba ta isa ta ƙone garin. Yawancin mutane sukan warke sarai, amma wanda ya shaƙi hayaƙin da yawa cikin rufaffen ɗaki, huhunsa yana iya yin ruwa, har ya bukaci asibiti.

Ga tsuntsaye abin ya fi muni. Cikin 1975 mujallar likitocin dabbobi ta Birtaniya, Veterinary Record, ta kawo labarin wani gida inda aka bar irin kaskon nan a wuta har ya yi zafi fiye da kima. Akwai tsuntsaye 5 a gidan, irin ƙaramin akun nan mai tukku na ƙasar Ostareliya. Cikin minti 30 dukansu suka mutu. Kafin sa'a guda ta cika mai su ya soma jin ciwo, amma ya warke washegari. Hayaƙi ɗaya ne suka shaƙa, shi da tsuntsayen. In aka buɗe ƙirjin tsuntsun da ya mutu ta haka, akan tarar huhunsa ya cika da ruwa da jini.

Masu kiwon kaji ma abin ya taɓa su. Cikin shekara ta 2000 likitocin dabbobi na Jami'ar Missouri a Amurka suka ba da rahoton wani ɗakin kiwo inda aka zuba 'yan tsaki 2,400. Bayan sa'a 4 suka soma mutuwa, cikin kwana 3 kuwa fiye da rabinsu sun tafi. Aka bincika abinci da ruwa, ba a ga laifinsu ba. Ashe sababbin ƙwayayen fitilar da aka sa domin ɗumama su ne, an shafe su da PTFE domin kada gilashin ya tarwatse in ya fashe. Da aka auna zafin ƙwayayen, digiri 202 ne kawai na ma'aunin Salshiyos, amma ɗakin a rufe yake, fitilun kuma suna ci dare da rana.

Akwai wata magana dabam wadda mutane sukan haɗa da wannan, ya kamata a raba su. Shekaru da yawa ana amfani da wani sinadari mai suna PFOA wajen haɗa PTFE a masana'anta. A kusa da garin Parkersburg, a Jihar West Virginia, shanun wani manomi suka yi ta mutuwa bayan sun sha ruwan rafin da ya bi ta wurin zubar da sharar masana'antar DuPont. Aka shiga kotu cikin 1999. Daga baya aka auna jinin mutum wajen 69,000 na yankin, masu bincike suka ga alamar dangantaka tsakanin sinadarin da cututtuka 6, har da sankarar ƙoda. Cikin 2017 kamfanonin DuPont da Chemours suka yarda su biya dala miliyan 671. Cikin 2019 ƙasashen duniya suka sa PFOA cikin jerin sinadaran da za a daina yi. Wannan ɓarnar masana'anta ce da ruwan sha. Kaskon da aka haɗa ba tare da PFOA ba, har yanzu PTFE ne a jikinsa, in ya ƙone kuwa hayaƙinsa yana nan da dafinsa. A can ma dabbobi ne suka fara nuna alama kafin mutane.

Lissafin Zafi a Kan Gawayi

Ruwa yakan tafasa a digiri 100. Muddin akwai ruwa ko miya cikin tukunya, zafinta ba ya yin nisa da haka. Suyar ƙosai ko kifi cikin mai takan kai wajen digiri 180. Man gyaɗa da man riɗi sukan soma hayaƙi tun ba su kai 260 ba. Shafen PTFE kuwa daga wajen digiri 260 yake soma lalacewa, a 327 yakan narke, in ya wuce 350 sai ya dinga fid da hayaƙi mai dafi sosai. Ashe girkin yau da kullum, da ruwa ko da mai, yana ƙasa da iyakar. Ɓawon shafen da ya ɓare ya shiga abinci ma yakan bi ta ciki ya fita, jiki ba ya narka shi. Hatsarin yana wurin kaskon da babu kome a ciki, ko wanda ruwansa ya ƙone aka manta da shi. Kasko marar kauri, in aka ɗora shi haka nan bisa wuta mai ƙarfi, mintoci kaɗan sun isa ya wuce iyaka.

A nan ne zancen ya iso Shuwak da makamantanta. Murhun da aka fi sani a gidajen Sudan shi ne kanun, wato abin da Hausawan Nijeriya suke kira kurfoti, gawayi ne abincinsa. Garwashin da ya yi ja ya wuce digiri 600. Mai shakka ya je wurin masu zubin tukwane, ya ga yadda suke narka alminiyon da gawayi da zugazugi, alminiyon kuwa sai a digiri 660 yake narkewa. Kanun ba shi da abin murɗawa. In uwargida ta ɗora kasko ta tafi kiran yaro, wutar ba ta jiranta.

Ga kuma irin aikin da ake yi da busasshen kasko a ƙasar. Mutanen gabashin Sudan mashaya gahawa ne, sukan soya ƙwayarta a busasshen ƙarfe bisa garwashi har ta yi baƙi. Akan soya gyaɗa da yashi, a soya riɗi ba ruwa ba mai. Kisira, gurasar dawa ta mutanen Sudan, a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi ake shimfiɗa ta. Dukan waɗannan aikin kaskon ƙarfe ne ko na yumɓu. In aka ba baƙin kaskon zamani irin wannan aiki, an kai shi inda ba a yi shi dominsa ba.

Ɗaki ma yana cikin lissafin. Gidajen Gadarif sun shahara da gutiyya, zagayayyen ɗaki mai jinka, ƙaramar ƙofa, taga kuwa in akwai, ƙarama ce. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yakan kora girki zuwa ciki, ya kora kaji ma tare. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya turo dubban iyalai zuwa Jihar Gadarif, har ɗaki ɗaya ya zama wurin kwana da wurin girki ga mutane da yawa. A irin ɗakin nan, tsohon maƙiyin da Haldane ya gano yana nan cikin gawayi, sabon kuma yana iya tashi daga kasko. Tun da aka buɗe madatsar ruwa ta Atbara da Satit kusa da Shuwak cikin 2017, wutar lantarki ta ƙaru a yankin, ya kamata masu ɗumama 'yan tsaki da fitila su tambayi irin ƙwan da suke saye, ko an shafe shi da wani abu.

Abin da Tarihin Ya Koyar

Dokokin ba su da yawa, ba kuwa su da tsada. Kada a ɗora baƙin kasko a wuta ba kome a ciki, a sa mai ko ruwa tukuna. In mai ya soma hayaƙi, a sauke. A rage garwashi, ko a rufe shi da toka kaɗan, kafin a ɗora. A bar suyar gyaɗa da gahawa da gashin nama ga ƙarfe da yumɓu. Kada a bar kasko a wuta a fita, balle a kwanta. Kaskon da ya kakkarce ya ɓaɓɓare, kwanansa ya ƙare. Tsuntsaye kuwa a yi musu akurki dabam, nesa da ɗakin girki, ko da kaskon ƙarfe ake aiki, gama hayaƙin mai da ya ƙone da iskar gawayi su ma suna cutar su.

In abin ya riga ya faru, a sauke kaskon a kai shi waje, a fid da yara da tsuntsaye, a buɗe ƙofa da taga. Babu maganin da yake karya dafin nan a jikin tsuntsu, sai dai iska mai kyau, da likitan dabbobi in yana kusa. Mutumin da zazzaɓi ya kama shi a daren nan ya je asibiti, ya faɗa wa likita zancen kaskon. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, gama alamun suna kama da juna, ana iya ba mutum maganin ciwon da ba shi yake damunsa ba.

Hausawa sukan ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A karkara, in 'yan tsaki suka mutu dare ɗaya, akan ɗora wa annoba, ko sanyi, ko bakin mutane, a zubar da su a ci gaba da kwana a ɗakin. Sau da yawa lalle annoba ce. Amma in tsuntsayen da suka kwana kusa da murhu ne kaɗai suka mutu, na waje kuwa suna nan lafiya, ya kamata maigida ya duba gawayin da kaskon da ƙofar ɗakin tun kafin dare ya sāke yi. Masu haƙar kwal ba su tsaya gardama da kanari ba. Da ya faɗi sukan ɗauki kejin su nufi bakin rami, iyalai da yawa kuwa sun ga mazansu sun komo gida saboda haka. Jaririn da ke goye a bayan mai girki shi ne mai ƙaramin ƙirji bayan ɗan tsako, iskar ɗakin nan ɗaya kuwa yake shaƙa.